ZAUREN MALAM: Idan Kwamfuta Ta Ce Lasisi Ya Kusa Ƙarewa

 

A wannan karo za mu ɗan jingine maganar tarbiyyar yara da muka faro, domin wata matsala da ta same mu a gida. Da muka ba da labarinta a ɗakin malamai sai muka tarar ashe ba mu kaɗai ba ne, mutum uku cikin abokan aikinmu sun taɓa cin karo da ita, kowa kuma ya yi shiru ya biya kuɗi ba tare da ya san abin da ya saya ba.

Bara da damina muka kwashi adashe muka sayi kwamfuta ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, a wani shago cikin kasuwa. Mai shagon ya tabbatar mana an zuba mata komai, sai aiki kawai. Haka kuwa aka yi, muna buga takardun jarrabawa, muna lissafin maki, yara kuma suna koyon buga rubutu da maraice. Wata shida ya kusa cika, ana saura kwana uku mu miƙa makin ɗaliban ajin BEPC, sai ga wani shuɗin saƙo ya rufe fuskar na'urar yana cewa: "Votre licence Windows va bientôt expirer." Muka kawar da shi, bayan ɗan lokaci ya dawo. Kashegari muka buɗe takardar maki sai muka ga an rubuta "Produit sans licence" a samanta. Jama'a, ranar abincin dare bai shiga ba, domin makin yara fiye da sittin yana ciki, kuma ba mu da kwafinsa ko ɗaya a wani wuri.

Da gari ya waye muka nufi wurin wani mai gyara. Ko kallon saƙon bai yi ba ya ce mu kawo jaka biyu ya fasa mana shi, amma sai an kashe maganin cutar kwamfuta tukuna. Wannan magana ta kashe magani ita ce ta tsaya mana a rai. Muka ce za mu dawo. A hanya Allah ya haɗa mu da wani tsohon ɗalibinmu da ya karanta fannin na'ura, ya saurare mu, ya yi dariya ya ce: "Mushe, kwantar da hankalinka, makinka ba inda zai je. Amma don Allah kada ka bari a fasa maka komai sai na zo na duba." Abin da muka koya daga wurinsa, da wanda muka bincika da kanmu daga baya, shi ne za mu baje muku yau.

MENE NE LASISIN NAN?

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu da ofisoshinmu. Kamfanin Microsoft na Amurka ne ke yin ta, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975. Idan mutum ya sayi kwamfuta, ƙarfe da roba nasa ne, amma manhajar izinin amfani da ita kawai ake ba shi, wannan izini kuwa shi ne lasisi. Tun daga Windows XP da ta fito a 2001 kamfanin ya shigo da tsarin tabbatarwa, wato na'ura ta tuntuɓi kamfanin ta nuna cewa izininta na gaskiya ne kuma ba a raba shi ga kwamfutoci barkatai ba.

Shaidar izinin ita ce mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, an kasa su gida biyar, kowane gida biyar-biyar. A zamanin Windows 7 ana manna shi a wata 'yar takarda a ƙarƙashin kwamfuta. Daga Windows 8 ta 2012 sai masu ƙera na'urori suka koma binne mabuɗin a cikin uwar allo, wadda masu gyara ke kira carte mère, ta yadda ido ba ya ganin sa amma Windows tana karanta shi da kanta. Da Windows 10 ta zo a 2015 aka ƙara da lasisin da ba ya buƙatar a riƙa buga mabuɗi: kamfanin yana ajiye kamannin na'urarka a wurinsa, duk ranar da ka sake zuba irin wannan Windows ɗin ka hau intanet, sai ya gane ta ya tabbatar.

Lasisi iri uku ne ya kamata mai gida ya sani. Akwai wanda ya zo da na'ura daga masana'anta, ana kiran sa OEM, shi wannan tare suke rayuwa tare suke mutuwa da kwamfutar. Akwai wanda mutum ke saye daban da kuɗinsa, shi ana iya ɗauke shi daga tsohuwar na'ura a mayar a sabuwa. Na uku shi ne na taro, wanda ake sayar wa manyan kamfanoni da jami'o'i masu ɗaruruwan kwamfutoci. A wani tsari nasa da ake kira KMS, izinin kwana 180 ne kacal, na'ura kuma tana komawa ga uwar garken ma'aikatarta lokaci-lokaci a sabunta mata. Idan ta bar ma'aikatar ta shigo kasuwarmu, ko kuma wani ya yi dabara ya kwaikwayi wannan tsari a shagonsa, to ranar da kwana 180 suka cika magana ta tashi. Ku lissafa da kanku, wata shida ke nan, daidai lokacin da tamu ta fara kuka.

ABIN DA ZAI FARU DA WANDA BA ZAI FARU BA

Tsoro shi ne jarin masu cin kuɗinmu, saboda haka bari mu fara da shi. A Windows 10 da Windows 11, rashin tabbatar da lasisi ba ya goge takardunka ko hotunanka. Abin da za ka gani shi ne wani rubutu dishi-dishi a kusurwar dama ta ƙasa mai cewa "Activer Windows", sa'an nan a hana ka canza hoton bango da launuka, a riƙa kuma tuna maka a kai a kai. A Windows 7 bangon ne ke komawa baƙi ƙirin. Na'ura dai tana ci gaba da aiki.

Wurare biyu ne ake shan wahala ta gaske. Na farko, akwai wata Windows ta gwaji da kamfanin ke bai wa ma'aikatu su ɗanɗana na kwana 90. Wasu masu shago kan zuba wa mutane ita, idan wa'adinta ya cika sai kwamfuta ta riƙa kashe kanta duk bayan awa guda. Na biyu shi ne Office, wato Word da Excel da 'yan uwansu. Lasisinsu daban yake da na Windows, idan ya faɗi za ka iya buɗe takarda ka karanta, har ka buga ta a injin bugawa, amma gyara ko rubuta sabuwa sai ya gagara. Wannan shi ne ya kusa kama mu da makin yara.

BINCIKE KAFIN MAGANI

Mu malamai mun saba, ba a yi wa yaro hukunci sai an ji ta bakinsa. Haka ita ma na'ura. Kafin komai, a kwashe muhimman takardu a zuba a 'yar kile ta USB. Wannan shi ne aikin farko da ɗalibin namu ya sa muka yi, kuma daga nan ne numfashinmu ya dawo daidai.

Bayan haka a duba agogo da kwanan wata na kwamfutar. Abin kamar wasa, amma yana hana tabbatarwa. A cikin na'ura akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo, a yawancinsu lambarsa CR2032, shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Tsofaffin kwamfutoci kan zo da shi a mace, ga kuma ɗaukewar kuran da ba ta ƙarewa, sai ka ga na'ura ta koma wata shekara can baya. Idan kwanan wata ya kauce, uwar garken kamfanin ba ta amincewa da ita, lambar kuskuren da kan fito kuwa ita ce 0x80072F8F. Gyaran agogo da sabon batir sun wadatar.

Sai a tabbatar intanet yana tafiya sosai, domin wanda ya sake zuba Windows bai hau intanet ba tun ranar, dole ya ga gargaɗi ko da lasisinsa na halal ne.

Daga nan a danna maɓallin Windows tare da harafin I domin buɗe Paramètres. A Windows 10 a shiga Mise à jour et sécurité, a zaɓi Activation. A Windows 11 a shiga Système, a zaɓi Activation. A nan za a ga irin Windows ɗin da ke kan na'ura, ko Famille ce, ko Professionnel, ko Entreprise, ko Éducation, tare da lambar kuskure idan akwai. A ɗauki alƙalami a rubuta lambar, domin ita ce bakin na'urar. Idan an ga 0xC004F074, kwamfuta tana neman uwar garken wata ma'aikata ne ba ta samu ba. Idan 0xC004C008 ce, an riga an yi amfani da mabuɗin a wata na'ura. 0xC004C003 na nufin kamfanin ya ƙi karɓar mabuɗin, sau da yawa don ya toshe shi. 0xC004F213 kuwa ta fi fitowa bayan an canza uwar allo, na'ura ta nemi mabuɗi a jikinta ta rasa.

Akwai kuma wasu kalmomi biyu da suka fi kowane mai shago faɗin gaskiya. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a ɗan akwatin da ya fito a rubuta slmgr /xpr, a danna Entrée. Idan lasisin na dindindin ne za ta faɗa, idan kuma mai wa'adi ne za ta ba da ranar da zai ƙare. A sake rubuta slmgr /dli, a duba a ga ko an rubuta OEM, ko RETAIL, ko VOLUME_KMSCLIENT. Kwamfutar gida da ta nuna wannan na ƙarshe, riga ce ta aro aka sa mata, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

YADDA TAMU TA ƘARE

Da ɗalibin namu ya duba, sai ga shi an zuba mana Professionnel da izinin aro na kwana 180, alhali kuwa a cikin uwar allon akwai mabuɗin Famille na halal wanda na'urar ta zo da shi tun daga masana'anta. Wato muna da namu a aljihu, aka ɗora mana na wani. Mabuɗin Famille ba ya buɗe Professionnel, shi ya sa na'urar ba ta iya amfani da shi ba. Mu tambayi kanmu, me malamin makaranta ko ɗan kasuwa zai yi da Professionnel a gida? Yawancin abin da ta fi Famille da shi na ofisoshi ne masu haɗa kwamfutoci da yawa.

Maganin bai ci mu ko dala ba in ban da kuɗin intanet. A shafin Microsoft akwai kayan zuba Windows kyauta, ana sauke su a kile mai aƙalla giga 8, sai dai a sani duk abin da ke kan kilen zai goge. Muka jira sai da muka miƙa maki, ranar Asabar aka sake zuba Famille, aka haɗa ta da intanet, kafin shayi ya nuna ta tabbatar da kanta. Game da maki kuwa, tun a daren farko ya zuba mana LibreOffice, wata manhaja ta kyauta da ke buɗe takardun Word da Excel, da ita muka ƙarasa lissafi, da ita muke aiki har yau.

Wanda nasa ya faɗi saboda an canza uwar allo, a shafin nan na Activation akwai mai warware matsala, a cikinsa akwai wurin da mutum zai nuna ya canza wani sashe na na'urarsa. Amma wannan hanya ta fi yi wa wanda tun farko ya ɗaura lasisinsa da asusun Microsoft. Saboda haka wanda tasa ke lafiya yau, ya ɗaura tun kafin rana ta ɓaci.

HATTARA DA ABUBUWA UKU

Na farko, kayan fasa lasisi, wanda ya fi suna cikinsu shi ne KMSpico. Ku lura, kusan kullum sai an ce a kashe maganin cuta kafin a sa su. Mai gadin gida ne ake sallama da dare don baƙon da ba a san asalinsa ba ya shigo. A 2021 masu binciken tsaron na'ura sun bayyana cewa an rarraba jabun wannan manhaja ɗauke da ɓarawon da ke kwashe kalmomin sirrin da mutane suka ajiye a na'urorinsu. Yau da muke ajiye hotunan iyali, da takardun aiki, da asusun kuɗi a kwamfuta, sai a yi garin neman gira a rasa ido. Bugu da ƙari, wasu masu fasawar kan kashe sabuntawa gaba ɗaya don kada asirinsu ya tonu, su bar na'ura a buɗe. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris na shekarar kamfanin ya fitar da abin toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, saƙon ƙarya. Kana cikin yawo a intanet sai shafi ya cika fuska da ja, wani lokaci har da ƙara, a ce lasisinka ya mutu, ka kira lamba kaza yanzu-yanzu. Microsoft da kansa ya sha faɗa cewa saƙonnin gargaɗinsa ba sa ɗauke da lambar waya. A rufe shafin kawai, in ya ƙi a kashe na'urar a sake kunnawa. Kada a kira, kada a tura kuɗi, kada kuma a bar wani ya shiga kwamfutar daga nesa.

Na uku, mabuɗan araha da ake tallatawa a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Da yawansu an ɓallo su ne daga lasisin taro, ko an sayar wa mutane da dama mabuɗi ɗaya. Yana iya aiki yau, gobe a toshe shi, mai sayarwa kuma ya yi layar zana.

MAGANAR WINDOWS 10

Kada a haɗa gargaɗin lasisi da wani saƙo daban da masu Windows 10 ke gani. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ya saba, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Haka ya yi wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Wannan ba ya nufin lasisi ya mutu, na'ura tana nan da izininta, kariyar da ake aiko mata ce ta yanke. Mai Windows 10 ta halal yana hawa Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba tare da ya biya ba, muddin na'urarsa ta cika sharuɗɗa, ciki har da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki giga 4, da ma'ajiya giga 64. A kuma sani, tun watan Satumba na 2023 aka rufe ƙofar hawa Windows 10 ko 11 kyauta da tsohon mabuɗin Windows 7 ko 8, don haka 'yar takardar nan da ke manne a ƙarƙashin tsohuwar kwamfuta ba za ta yi wannan aiki ba yanzu.

Wanda na'urarsa ta tsufa, kuma aljihu bai kai ga sabuwa ba, akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya faro a 1991. Ire-irenta kamar Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, halal ne, suna magana da Faransanci, ba su kuma tambayar kowa mabuɗi. Sai an ɗan yi haƙurin koyo na 'yan makonni, amma ga mai buga takardu da shiga intanet sun isa.

KAFIN A BIYA KUƊI

Ga mai shirin sayen kwamfuta ta hannu, shawararmu ita ce kada ya ji kunyar bincike a gaban mai shago. A kunna ta, a buɗe shafin Activation, a buga kalmomin nan biyu da muka ambata, a ga amsa da ido. A tambayi lasisin Office daban. A sa mai shago ya rubuta a rasit irin lasisin da ya ce na'urar tana da shi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Ga 'yan uwanmu masu shaguna da masu gyara kuma, da yawanku yaranmu ne, mun san kuna neman halal ɗinku, mun kuma san ba kowa ke yin haka da mugun nufi ba, wani abin da ya tarar ana yi ke nan. Amma sayar wa mutum izinin wata shida a ce masa na har abada ne, algus ne, ko da a cikin na'ura aka ɓoye shi. Ku faɗa wa mai saye gaskiya ya zaɓa da kansa, ku duba mabuɗin da na'ura ta zo da shi kafin ku ɗora mata wani.

Mu ma iyaye da malamai akwai namu. Kullum muna hana yara satar amsa a jarrabawa, ba zai kyautu su ga muna murna an fasa mana abin da ba mu biya ba, alhali ga hanyar halal a buɗe, wata ma kyauta. Mu dai darasin da muka ɗauka shi ne, yanzu duk ranar Juma'a sai mun kwafe makin yara a kile, mun kuma rubuta shi a littafi kamar yadda aka koya mana a makarantar horon malamai.

Wanda ya ga wata lambar kuskure da ba mu ambata ba, ya rubuto ta ofishin wannan jarida, za mu bincika mu amsa daidai gwargwado. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar tarbiyya daga inda muka tsaya. Allah ya ba mu halal, ya tsare mu da asara. Wassalam.